Piyanon da Ba Ya Mantuwa

Ranar da Kailu ya fara ganin Salamatu, ɗauke yake da gawar piyanonsa a kafaɗa, naɗe cikin tsohon zanen innarsa. Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki, aka rufe iyaka, wutar lantarki ta zama baƙuwa a Filinge, ta zo ba sallama ta tafi ba sallama. A irin zuwan nan nata ne ta shigo da ƙarfi da rana tsaka, ta ƙone masa abin da yake ci da shi, don shi ne mai kiɗan bukukuwan garin.

Shagon Alhaji Hamidu yana bakin kasuwa, ana sayar da rediyo da fitilu da farantan sola. Kailu ya yi sallama. Wata budurwa ta ɗago daga bayan tebur, ƙarfen liƙi a hannunta, hayaƙin dalma na tashi gefen hijabinta.

"Mai gyara nika nema," in ji shi.

"Ka same ta."

Ya leƙa bayanta ko akwai wani. Babu kowa sai kwalaye. Kunyarsa ta farko ke nan a gabanta, kuma da a nan ta tsaya da ya gode wa Allah.

Ta kwance bayan piyanon, ta sunsuna allon da ke ciki, ta girgiza kai.

"Wanga ya riga mu gidan gaskiya. Allo guda na, in ya ƙone babu abin liƙewa. Allah shi ba ka haƙuri."

Ya ce amin, amma idonsa ba a kan mamacin yake ba.

Bayan kwana biyu ya dawo da rediyon innarsa. Salamatu ta buɗe, ta duba, ta ɗago ido.

"Wayar ga ba ita tac cire kanta ba."

"Ƙila ɓera na."

"Ɓerayen Hilinge sun iya kwance noti yanzu?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ta liƙe wayar, ta ƙi karɓar ko dala, sannan ta rubuta lambarta a bayan kwalin batir ta tura masa. Ta ce don rediyon Inna ya huta.

Washegari da safe saƙonsa ya shigo.

"Salama, lahiya kinka tashi? Jiya kuran bai zo ba ko kaɗan, gari duka ba wutar lantarki, amma ni ban lura ba. Ke ta kuran ɗina, wadda ba a yankewa."

Ta amsa: "Sarkin kiɗa marar ganga. Ka bar daɗin baki ka nemi piyano, kaka ta matso, bukukuwa na tahe."

Haka aka fara. Bayan la'asar yakan zo ƙofar gidansu hira, ta fito da tabarma da ruwan randa. Alhaji Hamidu, mahaifinta, bai ce e ba, bai ce a'a ba. In ya wuce su zai amsa gaisuwa a taƙaice, don shi hankalinsa ya fi kwanciya da Ibrah, wani ma'aikacin ofishin magajin gari mai guga a riga da albashi a ƙarshen wata. Hajiya Tambara kuwa, mahaifiyarta, mace ce mai shiru, ba a jin ta sai wajen lazimi. Abu guda Kailu ya taɓa lura da shi: wata rana goge ya tashi a rediyon tsakar gida, sai ya ji takun ta da sauri, rediyon ya mutu.

"Inna ba ta son goge," in ji Salamatu. "Tun ina ƙarama. Ta ce ciwon kai shika sa ta."

Ana nan sai Magagi, wani ɗan kasuwa da ke kawo kayan kiɗa a Yamai, ya turo wa Kailu hotuna biyu. Da iyaka a rufe, su kaɗai suka rage masa. Kailu ya kai hotunan shago.

A Filinge duk abin da ke da haƙora fari da baƙi sunansa piyano, amma Salamatu ta yi shekara uku a makarantar koyon sana'a, ba ta yarda da wannan kasala ba. Ta ja kujera, ta karanta takardun duka biyun har ƙasa.

"Na hwarin dijital na zalla," ta ce. "Muryoyi ɗari takwas, da ganguna ciki, da lasihika tai. Shina cin batir in babu kuran. Kuma shina ɗaukar sauti. Dut abin da kab ba shi, shi riƙe, ka danna shi maido ma."

"Na biyun hwa?"

"Haɗaka na. Sautin daga kwamhuta shika tasowa, amma sai ya bi ta rariya ta analog, waya da ƙarhe na gaske, kahin shi kai kunne. Kai ka murɗa shi da hannu har shi yi yadda kaka so. Babu ganguna, babu lasihika, haƙoranai ma kaɗan na. Ba shi ɗaukar sautin kowa. In ka kunna shi sai ka jira shi ɗumama, in ba haka ba murya tai ta karkace."

"Kuma shi yah hi tsada."

"Kusan ninki."

"To, injiniyata, mi za ni yi da abin da bai iya komi ba?"

"In ya lalace ina iya gyara shi. Wancan allo guda na, ɗan'uwan wanda kab binne. Kuma saurara."

Ta kunna masa muryar kowanne a waya. Na dijital ya fito tas, a wanke a goge. Na haɗaka ya fito da kauri, kamar mutum na magana daga ƙirji. Kailu makaɗi ne, kunnensa ya ji bambancin, zuciyarsa ma ta ji. Amma ya sake duban jerin abubuwan da na farkon ya iya, jerin ya cika shafi biyu.

"Araha ba ta ado, Kailu."

"Masu biki ba ado suka biya ba, kuran ɗina. Ganguna suka so."

A yi masa adalci, bai yi ƙarya ba. Ya sayi na dijital, kuma tun bikin farko garin ya ɗauka. Mutum guda ya zama makaɗa biyar. In an ɗauke wuta a tsakiyar rawa, batir ya karɓa, 'yan mata ba su ko san an ɗauke ba. Har daga Baleyara aka fara kiransa. Salamatu ta turo masa: "Na yarda, ɗan araharka ya iya aiki. Amma kada kanka shi kumbura, hula na da tsada."

Cikin wannan daɗin ne Hajiya Tambara ta aiki Salamatu ƙauyensu da ke kan hanyar Tabla, ta kafa wa kakanta fitilar sola. Ita Hajiya ba ta cika zuwa ba, sai dai aike. Salamatu ta bi motar kasuwa, Kailu ya ɗauro farantin a bayan moto, wato babur ɗinsa.

Tsoho Maidawa, mahaifin Hajiya, yana zaune a gindin gawo, gogensa kwance cikin rana a gefensa don fatar ta ɗame. Duk ƙasar Kurfai an san shi. Shi ne ke yi wa 'yan bori kiɗa tun kafin a haifi uban Kailu. Ya kare ido da hannu ya dubi baƙon.

"Amaryata, wanga na za shi ƙwace mini ke? Ga shi ko gemu babu."

"Shi ma makaɗi na, Kaka."

"To Allah shi kyauta miki. Kin tsere ma guda kin hwaɗa ma guda."

Aka yi dariya, aka sha fura. Salamatu ta hau tsani ta shiga aikinta a kan rufin ɗaki. Maidawa ya ɗauko gogen, ya taɓa fatar da yatsa, ya shafa ƙaro a izgar, ya ja don ya ji ko ya daidaita. Wani kiɗa ya fito, gajere, yana hawa yana dawowa wuri guda. Kailu ya matso kusa. Bai taɓa jin irinsa ba. Ya zura hannu a aljihu ya danna wayarsa ta fara ɗauka.

Tsohon ya tsaya.

"Kaka, ƙara mini."

"A'a, ɗana. Wanga ba na kunnen biki ba na. Da mai shi."

Kailu ya ce to. Ya ji, kada wani ya ce bai ji ba. Amma ɗan birni ne, ɗan tela, ya tashi tsakanin makarantar allo da lakwal ta boko, a wurinsa wannan maganar tsofaffi ce kawai. Da ya koma gida ya zuba sautin cikin piyanonsa, ya ajiye shi a haƙori na ƙarshe, ya sa ya riƙa maimaita kansa a kan ganga. Ya yi daɗi har ya tashi ya taka shi kaɗai a ɗaki. Ko Salamatu bai gaya wa ba, wai yana so ya ba ta mamaki.

Bikin ƙanwar Ibrah ya zo bayan sati biyu, kuma Ibrah da kansa ya ɗauki Kailu kiɗa, don kowa ya ga wane ne mai biya, wane ne mai amsa. An kafa rumfa bayan la'asar, matan ma'aikata da na 'yan kasuwa sun cika kujeru. A layin gaba ga Hajiya Tambara cikin shuɗin leshi, Salamatu a bayanta. Ibrah na ta kai da kawo, yana liƙa kuɗi a goshin Kailu da yatsa biyu yana kallon Salamatu.

Ran Kailu ya sosu. Ya ce bari ya nuna musu abin da ba a saya a Yamai. Ya danna haƙori na ƙarshe.

Gogen Maidawa ya cika rumfar. 'Yan mata suka yi guɗa, suka shiga fili. Amma tsofaffin da ke gefe suka daina taunar goro, suka dubi juna.

Kofin da ke hannun Hajiya Tambara ya faɗi. Ta miƙe a hankali, ta toshe kunnuwanta, ta juya za ta fita, kujeru suka tare ta. Sautin ya dawo farko, ya sake dawowa, ya sake. Sai ta saki wata doguwar ƙara da ba ta yi kama da muryarta ba. Ɗankwalinta ya zame. Matar da shekara ashirin da biyu ba wanda ya ga gashin kanta a garin, ta zube zaune a ƙasa, jikinta na karkarwa, tana magana da wani harshe na da.

Kailu ya kashe piyanon. Shirun ya fi kiɗan muni, don ba ta dawo ba. Mata suka kwance mayafansu suka kewaye ta, suka yi mata katanga. Ta can ciki yana jin Salamatu na kiran Inna, Inna, ba amsa.

Wata tsohuwa ta tako har gabansa.

"Kai kak kira Doguwa. Sai ka sallame ta."

"Iya, ban sani ba. Na kashe."

"Ba a kashewa. Wanda yak kira shi ka sallama. Ina sauran kiɗan?"

Babu sauran kiɗa. Abin da ya sato guntu ne, kiran kaɗai. Piyano mai murya ɗari takwas ba shi da ko ɗaya da za ta maido da matar nan hayyacinta.

Ya hau moto. Bai san yadda ya kai ƙauyen ba. Ya tarar da Maidawa a gindin gawon nan, ya durƙusa, ya faɗi abin da ya yi tun daga aljihu har zuwa rumfa, bai rage komai ba. Tsohon bai zage shi ba. Da ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gogen, ya hau bayan moto. Duk tsawon hanyar tsinin gogen na taɓa bayan Kailu a kowane rami.

Rana ta yi ja suka iso. Matan suka buɗe wa tsohon hanya, suka rufe. Kailu ya tsaya daga waje kansa a ƙasa. Ya ji gogen ya ɗauko kiran daga farko, ya wuce inda nasa ya tsaya, ya shiga kirari, ya daɗe yana lallashi, sannan ya sauko a hankali. Aka ji atishawa sau uku. Sai kukan mace, na mutum wannan karon.

Alhaji Hamidu ya fito daga cikin taron. Bai ɗaga murya ba.

"Kada in ƙara ganin ƙahwarka ƙohwar gidana."

Kafin sallar isha babu gidan da labarin bai shiga ba. Ashe matar Alhaji 'yar bori ce, goɗiyar iska. Ashe shi ya sa. Masu cewa Allah sarki sun fi masu dariya yawa, amma duka biyun ciwo ne. Hajiya Tambara ta daina fita ko makarantar matan unguwa.

Saƙon Salamatu ya zo washegari.

"Kailu, tambaya guda. Ni kaka nema ko gogen Kaka? Dan shi kar raka ni ƙauye?"

Ya karanta ya fi sau ashirin. Ya rubuta amsa ya goge, ya rubuta ya goge. Da wane baki? Shi da ya kamata ko inuwar matar nan ya gani ya cire takalmi ya tsuguna, shi ne ya tone mata kai a bainar jama'a. Ya kife wayar. Ya mayar wa masu bukukuwa uku da kafin alƙalaminsu, ya rufe piyanon da zanen da ya naɗe na farkon, ya zauna a ɗaki. Kunya ce ta ɗaure masa hannu, amma ita Salamatu ina za ta sani? A wurinta shirun nan amsa ne.

Ibrah bai ɓata lokaci ba. Ya je shago da rigarsa mai guga, ya jingina da tebur.

"Salamatu, ni ba ni da matsala. Dut da abin da yah hwaru, ina nan kan bakana. Ba kowa za shi iya haka ba, kin sani."

Ta ajiye ƙarfen liƙin.

"Dut da mi?"

"Kin gane ai. Zancen Hajiya."

"Uwata ba tabo ba ta da za ka ruhe da rigarka. Allah shi ba ka wadda ba ta da dut da."

Ta kore shi, sannan ta shiga bayan kwalaye ta yi kukanta. Ta gama da Ibrah, amma wanda take so ya yi magana ya ƙi.

Rana ta tara innar Kailu ta ɗaga labulen ɗakinsa.

"Ka ji kunya, mun gani. To ita Hajiya mi ta ƙaru da shi? Tashi ka kai kunyar inda za ta yi amhwani."

Ya ɗaura piyanon a moto ya koma ƙauye. Ya shimfiɗa shi a gaban Maidawa, ya nuna masa haƙori na ƙarshe. Tsohon ya daɗe yana kallo.

"In ka danna sau ɗari?"

"Shi maido sau ɗari, Kaka."

"Ba shi mantuwa?"

"A'a."

"Ba shi duba wa az zaune?"

Kailu ya girgiza kai.

"Ni kahin in ja izga sai na dubi huskokin mutane. Na san wadda ka iyawa, na san mai ciki, na san wadda tab bari. Tambara ta bari tun ranar aurenta, da ra'ayinta. Ni da bakina niy yi mata alkawali ba ta ƙara jin kiɗan ga daga hannuna. Shi yas sa ba ni zuwa gidanta, dan inda nike goge na nan. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da alkawalin ga. Kai kas sa na karya shi."

Hawaye suka zubo wa Kailu, bai share ba. Ya goge sautin daga piyanon a gaban tsohon, ya danna haƙorin ya ji shiru. Ya fito da wayar ya goge na cikinta ma.

"Ni ka biya ni," in ji Maidawa. "Saura mai ɗankwali. Tada moto."

Kafin su tashi Kailu ya rubuta saƙon da ya gagare shi kwana tara.

"Salama. Ke nika nema, tun ranar da nil leƙa bayanki ina neman mai gyara. Kiɗan Kaka sata niy yi, ya hana ni, na ji, na ƙi. Ba ki sani ba, ba ki da laihi ko kaɗan. Ban amsa ba dan na ga ban isa in rubuta sunanki ba. Na goge shi gaban Kaka. Muna tahe gidanku. In an kore ni na cancanta, amma kada ki zauna da zaton ban so ki ba."

Amsa ta zo kafin ya mayar da wayar aljihu.

"Kwana tara ina duba waya kamar mahaukaciya. Wannan ma sai ka biya. Ka cire takalmi tun daga bakin titi."

Ya cire. Ya taka yashi mai zafi har zauren Alhaji Hamidu, ya tsuguna a bakin ƙofa. Alhaji ya fito a fusace, sai ya ga wanda ke tsaye a bayan yaron. Ya daburce, ya cire nasa takalman, ya shimfiɗa buzu da hannunsa. Shi ma suruki ne a gaban wani.

"Hamidu," in ji Maidawa, "yaron ga ya yi ɓarna, kuma shi da ƙahwatai yaz zo yah hwaɗi, sau biyu. Ban zo in tilasta ma ba. Ɗiyarka ta."

"Baba, ya kunyata iyalina gaban gari. Shekara nawa ina tsare matar ga? Ko rediyo ba a bari gidana."

"Na sani. Ka riƙe amana."

Sai aka ji motsi a bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida. Hajiya Tambara ce. Kailu ya ƙara dunƙulewa, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

"Hajiya, ki yahe mini," ya ce. "Ba ni da hujja."

Ta matso daf da labulen.

"Na ji kunya rannan irin wadda ban taɓa ji ba," ta ce daga bayan labulen. "Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage. Abin da nib bari na bar shi, ba ni komawa. Amma Alhaji, bari in hwaɗa maka. Da nib buɗe ido, kaina bisa cinyar babana shike, shina gyara mini ɗankwali. Rabona da haka tun ina budurwa. Muna tsoron goge har mun bar tsoho shi kaɗai ƙauye, sai aiken hitila. Wagga kunyar ta hi waccan, kuma ba yaron ga yaj jawo ta ba."

Alhaji Hamidu ya dubi surukinsa, ya ga yadda rigar ta yi masa yawa, ya kawar da kai.

"Na yahe mai," in ji Hajiya. "In Salamatu na son shi, ni ba ni hanawa."

Alhaji ya daɗe yana jan tasbaha. Daga ƙarshe ya ce, ba tare da ya dubi Kailu ba, "Ka turo manyanka. Amma wancan abin ba shi shiga gidan ɗiyata."

Da ma Kailu ba ya iya ko kallonsa. Ya mayar wa Magagi, ya karɓo na haɗakar, ya cika da kuɗin moton da ya sayar. Salamatu ta ce piyanon ba shi da laifi, abin da aka ba shi ya riƙe, kuma gaskiyarta ce. Amma ta haɗa wa sabon batir da farantin sola da hannunta, ta nemo masa lasifika, tana yi tana waƙa. Da babu ganguna a ciki, dole Kailu ya nemi mai kalangu da mai ƙwarya su riƙa raba abin da aka samu. Kuɗin ya ragu, kiran Baleyara ma ya ragu. Kiɗan dai ya fi na da, kowa ya shaida.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Maidawa ya zo tun ana saura kwana uku, aka ba shi ɗakin da ke kusa da na Alhaji, kuma bai koma ƙauye da zama ba.

Ango ba ya kiɗa a bikinsa, amma tsohon ya ce waƙa guda dai, shi da mai ƙwace masa mata. Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Maidawa ya ajiye gogensa a rana. Kailu ya kunna piyanonsa ya naɗe hannu.

"Mi kaka jira?"

"Sai ya ɗumama, Kaka. In ba haka ba murya tai ta karkace."

Tsohon ya dubi gogensa da ke shan rana, ya dubi piyanon, ya yi dariya har da tari.

"Wanga ɗan gida na. Shina riƙe abin mutane?"

"Ba shi iyawa."

"Madalla. Na amare za mu yi, wanda anka yi ma kakarta. Babu mai shi sai amarya."

Mata suka taru. Hajiya Tambara ta fito ta zauna a gaba, ɗankwalinta ɗaure tsaf, kusa da mahaifinta har gwiwarsu na taɓa juna. Salamatu kuwa, da lallenta da lulluɓinta, ta faki idon ƙawaye ta tsuguna tana gyara wayar lasifika, don ba ta yarda kowa ya taɓa haɗinta ba.

Kailu ya ɗora yatsunsa a kan haƙoran, ya tsaya. Ya tuna abin da tsohon ya ce a gindin gawo. Amma suruki ba ya duban fuskar surukarsa. Ya sunkuya wajen amaryarsa ya yi ƙasa da murya.

"Kuran ɗina, duba mini huskar Inna."

Salamatu ta ɗaga lulluɓinta kaɗan ta duba. Idanunta suka ciko.

"Tana murmushi. Ta ce ka hwara."

Ya fara a hankali, da murya mai kauri, ya bar wa gogen hanya. Maidawa ya ja izga. Hajiya Tambara ta saurari mahaifinta tun daga farko har ƙarshe, hannunta a kan gwiwarsa, ba abin da ya same ta sai hawaye.

Da aka gama Alhaji Hamidu ya ɗaga hannu daga bakin zaure, kowa ya ɗaga.

"Allah shi ba su zaman lahiya da zuri'a mai albarka. Allah shi ruhe muna asiri, shi sa su riƙe na junansu."

Tsakar gida ta amsa da amin, Kailu da Salamatu suka shafa tare.